Ranar da Kawu Ya Gyara Mini Hita

Kawu ya ce minti talatin ya ishe shi. Ya faɗi haka ne a ƙofar gida da ƙarfe bakwai na safe, hannu ɗaya riƙe da kofin shayi, ɗayan kuma ya ɗora shi a kan tsohuwar bas ɗina yana ɗan bubbuga ta. Ya ce in ya gama da hitar nan, sai na riƙa buɗe taga saboda zafi. Daga nan kuma zai sa Tela ya ɗinka masa ƙyalle mai rubutu a kafa a bakin titi, kowa ya san an buɗe wurin gyaran wutar mota, don ya gaji da zama yana kallon yara suna lalata wa mutane dukiya.

Ni kuwa abin da ke gabana daban ne. Ranar zan ɗauko 'yan tsakina guda ɗari daga wurin ƙyanƙyasa, tafiyar awa biyu, hanya duk hawa da gangara. Shekara biyu ina jigilar abincin kajin mutane a bas ɗin nan, sai yanzu Allah ya nufa zan fara nawa kiwon. Na share ɗaki, na zuba garin katako, na rataye kwan fitila. Masu ƙyanƙyasa sun gaya mini ƙarfe huɗu suke rufewa, wanda bai zo ba a miƙa wa na bayansa, shi kuma sai bayan wata uku. Ga yayyafi kwana uku ba ƙaƙƙautawa, ga sanyi mai shiga ƙashi, ɗan tsakon kwana ɗaya kuwa in sanyi ya buge shi awa biyu sai dai ka kwashi gawa. Ana gobe tafiya fankar hitar ta yi ƙar-ƙar-ƙar, ta yi shiru, ba ta sake motsi ba.

Niyyata in jira Riwaya ya buɗe shago ƙarfe tara. Shi ne mai gyaran wutar mota a bayan layinmu, mutum ne da ba ya magana sai ta kama. Kuskuren da na yi shi ne na ambaci sunansa a gaban Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a ɗakin ƙofar gidanmu yake zaune tun da ya yi ritaya. Shekara talatin ya yi a siton wani kamfanin sufuri yana miƙa wa makanikai kayan gyara ta taga. Ya san sunan kowane ƙarfe da lambarsa, amma noti ɗaya bai taɓa ɗaurawa ba. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, 'yan layi kuma suka karɓa, don suna jin daɗin yadda yake amsawa.

Sau uku ina ce masa ya bari. A na uku ya ajiye kofin ya dube ni.

"Wato ina gidan nan a zaune, ki tsallake ni ki tafi wurin yaron da bai fi in ɗauke shi share shago ba?"

Na waiga wurin Inna, mahaifiyata, ko za ta sa baki. Ta ce in bar Auta ya gwada, ai ba cinye motar zai yi ba. Mutum ya haura sittin, amma har yau Auta take kiransa. Na ba shi mukulli, na ce daga nan zuwa tara, ko minti ɗaya ba zan ƙara ba.

Ya fito da akwatin kayan aiki, sifanu sababbi fil, ba wadda ta taɓa ganin baƙin mai. Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar Mai Shayi, ya karɓi gwangwanayen madara guda shida ya jera. Tela ya bar keke ya fito da awo rataye a wuya. Mai Shayi ya juya bencinsa ya fuskanci motar, ya ce wa masu karin kumallo yau da kallo za a sha.

Kawu ya fara da buɗe bonet. Ya leƙa, ya yi tsaki, ya ƙwanƙwasa lagireto, ya sanar da jama'a cewa injin nan an daɗe ana zaluntarsa. Tela ya ce shi dai a iya saninsa iskar hita ta cikin mota take fitowa. Kawu ya ce da ma gaisuwa ya tsaya yi, likita ba ya fara taɓa ciwo sai ya ga fuskar mara lafiya. Ya rufe bonet a kan gefen rigarsa, sai da na sake buɗe masa.

Daga nan ya shiga ciki ya kama dashbod. Ni na ɗauka murfi ɗaya zai cire. Ina, duk noti da sukurun da idonsa ya gani sai ya kwance. Kuma a nan aikin sito ya motsa masa: ba ya ajiye su yadda ya ciro su, sai ya ware su bisa girma, manya a gwangwani ɗaya, matsakaita a ɗaya, ƙanana a ɗaya, masu kan gicciye daban. Ya aiko mini da rediyo na riƙe, ya miƙo agogon gudu, ya miƙo wani bututu da ban taɓa sanin ina da shi ba. Na tambaye shi yadda zai gane wanda ya fito daga ina.

"'Yar nan, kaya dubu arba'in na riƙe a kaina, ko ɗaya bai ɓata ba."

"A sito ajiyewa ake yi, Kawu, nan kuwa mayarwa za a yi."

Ya ce maganar mace mai gaggawa ce, in je in dafa ruwa ko wani abu.

Ƙarfe tara ta yi, ta wuce. Na aika a duba Riwaya, aka ce ya tafi janyo wata mota da ta mutu a hanya, sai azahar. Na koma na tarar Kawu ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafu a kan kujera, yana jan wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya ja wata ja, hon ya ɗauka bai tsaya ba. Ya ja wata shuɗiya, waifa ta fara share gilashi da sauri. Karnukan layi suka kama haushi, matar da ke saman bene ta leƙo tana tambaya ko an yi haɗari. Kawu ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce gwaji ne, kowa ya kwantar da hankalinsa, yana tabbatar da cewa wuta na zagayawa. Mai Shayi ya ce ta zagaya har ta kai unguwar gaba.

Da ƙyar aka sami hon ya yi shiru. Tela ya matso ya ce shi ba ma'aikacin mota ba ne, amma in kekensa na lantarki ya ƙi tashi, fiyus yake fara dubawa.

Kawu ya fito daga ƙasan sitiyari. Sai ya ce yanzu da ma zai zo kan fiyus, ya bar shi ƙarshe ne don ƙaramin abu ne, kuma ya ji daɗi da Tela ya fara koyo.

Akwatin fiyus ɗin yana nan gefen gwiwar direba, murfi ne kawai ake ɓallewa da yatsa, ba ruwansa da dashbod. Na ga haka, na dubi gwangwanayen nan cike da sukuru. Ya zaro na fanka ya ɗaga sama, ga shi ya ƙone baƙi ƙirin. Ya zagaya da shi kowa ya gani, har masu shan shayi suka tafa masa. Ni ma, gaskiya, raina ya ɗan yi sanyi.

Sabo babu, sai ya zare na waifa ya sa. Na kunna mota, ya murɗa maɓallin fanka. Ta yi wani gurnani, fiyus ya ce tas. Kawu ya ce wannan ƙarami ne, lamba goma sha biyar, an ba mota abin da bai kai ta ba. A sito, in abu ya gaza, wanda ya fi shi ake bayarwa. Ya zare na fitilun gaba ya sa, shi ma ya ce tas. Ya zare na hon ya sa, shi ma tas. Kafin sha ɗaya, bas ɗina ba waifa, ba fitila, ba hon, ba dashbod, kuma ba hita.

Na ce ya tsaya haka nan, don Allah. Ya ce ai yanzu ya gano cutar: fiyus na zamani ne ba su da ƙwari. Ya karɓi takardar azurfa ta cikin kwalin ganyen shayi, ya naɗe ta a jikin wanda ya ƙone, ya cusa. Wannan karon ba a ji tas ba. Wari aka ji, irin na roba a kan murhu, sai wani siririn hayaƙi ya taso ta gefen gwiwarsa. Tela ya ja baya. Kawu ya fifita hayaƙin da hula, ya ce tsohon datti ne ke ƙonewa, alama ce mai kyau.

Na kashe motar na zare mukulli na cusa a jaka. Na shiga gida na tsaya a ɗakin 'yan tsaki, ina kallon garin katako da kwanukan ruwa da na jera tun jiya, hawaye suka zo mini don takaici. Ban fi minti goma ba na jiyo injin ya tashi. Ashe Inna ta ba shi mukulli na biyu.

Na fito na tarar layi ya cika. Kawu ya aro doguwar waya daga shagon Tela, ya ɗaura bakinta ɗaya a batir, ya zagayo da ita ta taga har jikin fankar, ya tsallake fiyus da maɓalli gaba ɗaya. Ya ce wannan dabara ce ta manyan injiniyoyi, ba a koyar da ita a makaranta. Ya kuma shirya bikin buɗewa: ya zaunar da Inna a kujerar gaba da mayafinta mai kyau, don ita ce babba, ita ya kamata ta fara jin ɗumi. Ya sa Tela da Mai Shayi a kujerar baya a matsayin shaidu.

"Kawu, ka cire wayar nan."

"Ki tsaya ki gani, yau za ki san wa kike da shi a gida."

Ya haɗa waya. Fanka ta yi gurnani, ta ƙi juyawa. Ya ɗauki babbar sifana ya maka mata ɗaya, ya ƙara.

Abin da ya fito ta ƙofofin iskar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Dusa ce, da audugar kujera, da yagaggun buhu, da gashin kaza, da kashin ɓera, duk a tare, da ƙarfin da fankar ba ta taɓa yi ba tun tana sabuwa. Cikin motar ya turnuƙe. Inna ta koma fara fat tun daga goshi har cinya, ta buɗe baki za ta yi magana, auduga ta shiga. Tela da Mai Shayi suka yi karo a ƙofa, kowa na son ya riga fita. Sai ga mai gidan da kanta, wata ƙatuwar ɓera, ta diro daga ƙasan dashbod, ta rasa hanya, ta shige ƙafar wandon Kawu.

Na sha ganin rawa, amma ban taɓa ganin mai shekara sittin ya yi irin ta ranar ba. Ya yi tsalle, ya buga ƙafa, ya riƙe gwiwa, ya zagaya motar sau biyu yana kiran Yaya, Yaya. Yayar tasa kuwa tana ciki tana murɗa maɓallin kashewa, fanka ba ta san tana yi ba, tunda an tsallake shi. Mutane na ta dariya har wasu na dafa bango. Ɓerar ta fita ta ɗaya ƙafar ta shige magudana. Fankar ta ƙara ƙara, ta canza murya, ta yi wani kuka, ta fitar da baƙin hayaƙi, ta tsaya. Injin ma ya bi ta.

Inna ta sauko a hankali, ta tofar da auduga, ta dubi ƙanenta daga sama har ƙasa.

"Auta, na ji ɗumin. Allah ya yi albarka."

Ana cikin haka Riwaya ya iso, sha biyu da rabi. Ya leƙa, ya dubi gwangwanaye shida a kan tabarma, ya dubi wayar Tela. Ya durƙusa ta gefen fasinja, ya kwance sukuru uku, fankar ta faɗo hannunsa. Ya ce ƙarar da na ji jiya sheƙar ɓera ce ta cushe ta, buhunan abincin kaji ne suka jawo su. Fiyus kuma da yake ƙonewa, faɗa yake yi cewa fanka ta maƙale, a duba. Da an zaro ta an kakkaɓe an sa fiyus ɗaya, aikin minti biyar ne. Yanzu kuwa ta ƙone ƙurmus, irinta sai an aiko, mako guda.

Kowa ya juya ya dubi Kawu. Na jira ya ce da ma abin da zai faɗa ke nan. Bai faɗa ba, ya sunkuya yana tattara sifanunsa.

Riwaya ya yanke wayar da ta narke, ya haɗa wata, ya dawo mini da inji da waifa da fitila. Dashbod kuwa ya ce ware sukuran nan aikin yini ne, sai ya ɗaure shi da igiyar shanya. Ƙarfe ɗaya da rabi na hau. Mai Shayi ya cika mini kwalabe huɗu da ruwan zafi ya naɗe a buhu, ya ce a sa kusa da kwalin 'yan tsakin, ko ba komai za su rage sanyi. Ina shirin tashi sai na ji an buɗe ƙofar baya. Kawu ne, sanye da babbar rigar sanyinsa. Na ce ya sauka, na ga abin da ya ishe ni yau. Ya ce ai dole wani ya riƙe kwali kada ya zame a gangara. Ban da lokacin gardama, na ja mota.

Yayyafi ya rage mana gudu a hanya. Mun isa saura minti goma a rufe, na sa hannu, aka miƙo kwali biyu, hamsin hamsin, suna ta tsiyau-tsiyau. Na ji kamar in rungume su.

A dawowa ne abin ya ɓaci. Ruwa ya ƙaru, gilashi ya yi hazo tunda ba iskar da za ta share shi, dole na sauke taga kaɗan don in ga hanya. Sanyi ya cika motar. Kwalaben da aka cika tun rana sun huce, wani mai shago a hanya ya sake cika mana biyu, su ma ba su yi rabin awa ba. Kukan 'yan tsakin ya fara raguwa. Duk mai kiwo ya san wannan shirun, in sun daina kuka sun cure a lungu, na ƙasa mutuwa suke yi. Tsoro ya kama ni sosai, kuma ba wurin tsayawa, tsayawar ma ba ta da amfani.

Na leƙa madubi, na ga Kawu ya cire rigar sanyi ya lulluɓe kwalayen. Can na sake leƙawa, ya cire ta cikin ma ya toshe gefen da iska ke shiga, ya ɗora kwali ɗaya a cinya ya rungume ɗaya a ciki. Daga shi sai singileti. Yana sa hannu yana laluben waɗanda suka yi laushi, yana zura su cikin singiletin a jikin ƙirjinsa, yana hura musu iska da baki.

Na ce, "Kawu, sanyi zai kama ka."

Ya ce, "Ki kalli hanya."

Mun shigo layi ana gab da magariba, kuma kamar an yi shela, duk waɗanda suka ga rawar safe suna nan a rumfar Mai Shayi. Na buɗe ƙofar baya. Ga Injiniya zaune, leɓɓa sun yi fari, haƙora na haɗuwa, singileti ya kumbura yana motsi, kawuna rawaya suna leƙowa ta wuya da hammata, kashin tsaki tun daga ƙirji har wando. Tela ya fara dariya, sai ya ga yadda mutumin ke karkarwa, ya cire tasa rigar ya yafa masa. Inna ta zo ta riƙa zaro su ɗaya ɗaya tana sa wa a zaninta, tana faɗa ƙasa-ƙasa cewa shi kullum sai ya wuce gona da iri.

Ya ƙi shiga ɗakinsa, ya biyo mu har ƙarƙashin fitila, ya ce sai an ƙirga. Na ƙirga, casa'in da tara. Na sake, casa'in da tara. Fuskarsa ta faɗi. Sai Inna ta ce ya ɗaga hannu. Na ɗarin yana can cikin hammatarsa ta hagu, ya yi barci abinsa.

Duk maganar da na tanada tun safe, da na yi niyyar sauke masa, na neme ta na rasa. Tausayinsa ne ya kama ni, da kuma dariya. Mai Shayi ya kawo masa kofi mai zafi, ya kurɓa sau biyu, jini ya fara dawo masa fuska. Ya gyara murya ya dubi mutanen da suka cika ƙofa, ya ce wannan hanyar ɗauko 'yan tsaki shi ya ƙirƙiro ta, ba a taɓa yin ta ba, kuma duk mai shirin kiwo a layin nan ya zo ya gan shi tukuna.

Na ce, "To madalla, Kawu. In waɗannan sun tasa, ɗari uku zan ɗauko, sai ka shirya."

Ya dubi singiletinsa, ya dubi kwalayen, ya yi atishawa.

"'Yar nan, gobe da sassafe ki kai wa Riwaya motar nan ya nemo miki fanka."